Ranar da Na Miƙa Wuyan Mahautan Mafara

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na miƙa wuyan mahautan Mafara kaf ga mahautan Bakura, ni kaɗai, da rana tsaka, a gaban jama'a, ba tare da na san na yi ba. Har abinci na ci a kan abin, na ƙoshi, na yi godiya. Wannan tun zamanin da ba mu san Nasara ba ne sai a bakin fatake. Yau ga furfura har a gira, amma duk sa'ad da na tuna sai in ji gumi ya karyo mini.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don ka gane daga inda wautar ta taso. Ubana mahauci ne, sunansa Bawa, kakana ma mahauci ne. Ina ɗan shekara huɗu ubana ya rasu, sai mahaifiyata ta koma da ni Maradun wurin yayanta, wanda malami ne. Can na tashi tsakanin allo da tawada. Na sauke, na shiga littattafai, na tara gemu, har aka soma ce mini Malam (gaskiya ni na fara ce wa kaina, sannan mutane suka bi). Na dawo Mafara ina wajen shekara talatin, da gafaka biyu da girman kai mai yawa. In zan wuce mayanka sai in ja bakin rawani in rufe hanci, alhali 'yan'uwana ne a ciki suna aiki, kuma naman da nake ci kullum daga hannunsu yake fitowa.

Ƙanin ubana, Baffa Jaɓɓi, shi ne Sarkin Fawan garinmu a lokacin. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana. Yana ji da ni ƙwarai saboda ni kaɗai yayansa ya bari, kuma ina zaton yana ɗan alfahari da cewa gidan fawa ya fitar da mai karatu.

To, a shekarar ne rigima ta tashi a kan kasuwar Dakko. Tun zamanin kakana mahautanmu ke zuwa can ranar kasuwa su yanka sa a gindin wata tsamiya, kuma gidaje kamar goma na danginmu da wannan yankan suke cin tuwo. Sai Sarkin Fawan Bakura, wani dattijo mai suna Tunau, ya ce Dakko ƙasarsu ce. Ko dai mutanen Mafara su zama mutanensa, su riƙa neman izininsa suna ba shi cinya guda a kowane sa, ko kuma su tattara su bar masa tsamiyar. Baffa ya ce ko hannunsa za a yanke ba zai shiga ƙarƙashin kowa ba. Aka yi ta aike ana dawowa, daga ƙarshe aka sa rana za a zauna a Bakura, gaban liman da dattawan gari, kowa ya kawo hujjarsa.

Saura kwana uku sai kurkunu ya fasa a ƙafar Baffa. Ƙafar ta kumbura, ko bayan gida sai an riƙe shi. Ya kira ni ɗakinsa ya ce ni zan je a madadinsa, don ni ne ɗan babban wa, jinin gidan, kuma Allah ya ba ni baki. Ya sa hannu ƙarƙashin shimfiɗa ya ciro wata wuƙa cikin kube na jar fata wanda ya yi baƙi don tsufa. Ya ce ta ubana ce, ubana kuma ya gada wurin kakana, in ɗaura ta a ƙugu don mutanen Bakura su san wanda ke magana. Bai ƙara komai ba. Daga baya na gane bai ga abin ƙarawa ba ne, don a gidan fawa babu wanda ake zaunarwa a koya masa abin da ake yi da wuƙa.

Ya haɗa ni da Labbo, wani tsohon mahauci da ya yi aiki da ubana, ya ba mu goro da kilishi na gaisuwa. Na ari wata babbar riga fara wurin wani attajirin shanu maƙwabcinmu, na naɗa rawani har ya kusa rufe mini ido. Muka hau jakuna bayan sallar asuba.

A hanya Labbo ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Mun ɗan yi nisa ya matso da jakinsa ya ce, "Malam, zancen yuƙar ga da Sarki yab ba ka, akwai abin da nika son in hwaɗa maka."

Ni kuwa ina tsakiyar bitar jawabina a zuci. Na ɗaga masa hannu na ce ya kwantar da hankalinsa. Na gaya masa cewa babu abin da zai koya mini game da yadda ake shiga gaban manya. Na ce na san bambancin kyauta da sadaka, na san bambancin gaisuwar da ake kai wa babba da mubaya'ar da ake yi masa, na karantar da babin nan ga ɗalibai fiye da sau ashirin. Har da Larabcin kowanne na jero masa. Bawan Allah ya sake buɗe baki wajen wata fadama, na ce masa don Allah ya bar ni in yi tunani. Sai ya ja jakinsa baya, a haka muka shiga Bakura.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Tunau, ƙarƙashin wani durumi. Tunau na zaune bisa buzu, dogo ne siriri mai fararen gira, liman na damansa, dattawa sun kewaye, mahautansa kuma sun cika bayan fage. Can gefe ga makaɗan kalangu biyu sun rataye kayansu suna jira, ka san mahauta ba sa taro babu su. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da gajiya da ƙafar Baffa da shanu da ruwan bana. Na miƙa goro da kilishi da hannu biyu, aka karɓa aka sa albarka. Har nan dai ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Sannan na fara magana. Ba yabon kai ba, ranar bakina ya yi aiki. Na kawo tarihin tsamiyar tun daga kakana, na ambaci tsofaffin Dakko da za su iya shaida, na jawo abin da malamai suka ce game da wanda ya daɗe da zama a wuri a kasuwa ba wanda ya hana shi. Na ga liman yana gyaɗa kai. Na ga dattawa biyu sun dubi juna. Tunau kansa ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen buzunsa, alamar hujja ta kama shi. Labbo da ke bayana har ya fara cewa "haka na, haka na" a hankali. Na ji a jikina cewa mun ci.

Matsalata guda, wuƙar nan. Ban taɓa ɗaura wuƙa ba tun da aka haife ni, ga shi ina da ɗan tumbi irin na mai zaman karantarwa. Tun da na zauna ƙotar ke tokarina ƙarƙashin haƙarƙari, in na sunkuya don in ƙarfafa magana sai ta ƙara nutsewa. Sai na tuna da tarbiyyar gidan kawuna a Maradun. Can in baƙo ya zo da takobi ko wuƙa, ba ya zama gaban malam da ƙarfe a jikinsa. Cirewa yake ya ajiye a gaban malam, ƙota wajen malam, tsini wajen kansa, don a san bai zo da sharri ba. Na ce a raina, ga hanyar da zan huta da tokari, in kuma nuna wa mahautan nan yadda ladabi yake.

Na dakata da magana. Na kwance wuƙar ubana daga ƙugu, na riƙe ta da hannu biyu, na ja gwiwa gaba, na ajiye ta a kan tabarma gaban Tunau. Na ma tsaya na gyara ta da kyau yadda ƙotar za ta dube shi sosai. Sannan na ɗan rusuna, na koma mazaunina ina murmushi.

Wurin ya yi tsit. Na ji Labbo ya yi wani irin sauti a bayana, kamar wanda aka taka wa ciki. Ni kuwa na ɗauka ladabina ne ya ratsa su.

Tunau ya daɗe yana kallon wuƙar bai taɓa ta ba. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, kai na ɗan Bawa?"

Na ce ni ne, babban ɗansa kuma shi kaɗai.

Ya ce, "Da saninka ka aje wagga yuƙa nan?"

Na ce da sanina mana, ai girmansa ya kai a yi masa haka.

Ya sake tambaya, a hankali, kamar mai ba ni hanyar fita. "Jaɓɓi ya san da wanga abu?"

Ka san amsar da na ba shi? Na buɗe baki da ƙarfi yadda na baya za su ji, na ce, "Shi da kainai yab ba ni ita, yac ce in taho da ita gabanka."

Tunau ya miƙa hannu ya dafa ƙotar. Kafin ya ɗauke hannun kalangu sun ɓarke, mata sun rangaɗa guɗa daga cikin gida, mahautan Bakura sun yo kaina suna rungumata. Wani ƙato ya ɗaga ni sama har rawanina ya karkace. Na yi mamakin yadda mutane ke murna da an kayar da su a magana, amma na ce a raina, ka ga amfanin ilimi ke nan, yana sa a karɓi gaskiya da daɗin rai.

Aka kawo abinci. Tsire, ƙoda, hanta, tuwon dawa da miyar kuka wadda mai ya kwanta a kanta, ga fura da nono. Na ci kamar ba gobe (wannan ɓangaren ya fi komai ba ni kunya, don na tuna har ƙari na nema). Labbo ya koma jikin katanga ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, ko ruwa ya ƙi sha. Na je na yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, na ce rashin ladabi ne a ƙi abincin mutanen da suka karrama mu. Ya ɗago ya dube ni, sai na ga hawaye a gemunsa. Na ɗauka na farin ciki ne.

Bayan la'asar na je yin sallama. Na yi godiya, na ce to sai a ba ni wuƙata mu kama hanya.

Tunau ya ce, "Wace yuƙa?"

Na yi dariya na ce wadda na ajiye ɗazu, ai tokarina take yi shi ya sa na cire.

Ban taɓa ganin fuskokin mutane da yawa sun canja lokaci guda kamar ranar ba. Liman ya saki baki. Makaɗin da ke kusa ya sauke kalangunsa. Labbo ne ya taso ya kama hannun rigata, ya gaya mini a gaban kowa abin da na hana shi faɗa a hanya. Mahauci ba ya ajiye wuƙarsa a ƙasa gaban wani mahauci, ƙota na dubansa, sai in ya zama mutuminsa, shi da duk wanda ke cin abinci a ƙarƙashin wuƙar. In wanda aka ajiye wa ya dafa ƙotar, magana ta ƙare. Ya ce wannan kowane ɗan gidan fawa ya san shi tun kafin ya iya alwala.

Gidaje goma, da tsamiyar kakana, da rantsuwar Baffa, duk na tattara na ajiye a kan tabarma don haƙarƙarina ya huta. Na fara jawo hujjoji cewa aiki sai da niyya, amma Tunau ya ce shi sau uku ya tambaye ni gaban shaidu. Ya ce wuƙa tana ɗakinsa, Jaɓɓi ya zo ya karɓa daga hannunsa a matsayin baransa.

Washegari muka isa Mafara, labari kuwa ya riga mu. Tun daga bakin kasuwa babu mahaucin da ya amsa sallamata. A gida mata na kuka kamar an yi mutuwa. Na shiga ɗakin Baffa na durƙusa, ina jiran zagi ko duka, duk wanda ya zo zan karɓa. Tambaya ɗaya ya yi mini, ina ƙotar ta duba. Na gaya masa. Sai ya ce a ɗaura wa jaki shimfiɗa.

Mutum biyu suka ɗora shi, ƙafar na naɗe da tsumma, kurkunun na nannaɗe a ɗan tsinke. Duk takun da jakin ya yi sai na ga ya cije leɓe. Haka muka koma Bakura, ni ina biye a ƙasa.

Taron ya fi na farko cika, don har daga ƙauyuka an zo kallo. Baffa bai yi Larabci ba, bai kawo tarihi ba. Cewa ya yi al'adar nan mahauci take ɗaurewa, wanda ba mahauci ba ko wuƙa ɗari ya ajiye ƙarfe kawai ya ajiye. Tunau ya ce ai ɗan Bawa ne. Baffa ya ce ɗan Bawa ne, amma a gwada shi. Tunau ya ce a kawo jar akuya. In na feɗe ta, ni mahauci ne, alkawari ya tabbata. In na kasa, a mayar da wuƙa.

Ka ga inda na shiga. Ceton gidanmu ya rataya ne a kan in nuna wa duniya ban iya sana'ar ubana ba.

Yanka na iya, wane malami ne bai iya yanka ba. Na yi bisimilla na yanka tsaf. Fiɗa ce ban taɓa ko tsayawa na kalla ba. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda na fara: da na ji mutane sun soma dariya tun kafin in taɓa akuyar, sai zuciya ta ɗebe ni, na manta da gidaje goma, na duƙufa da gaske ina son in iya. Allah ne ya rufa mana asiri da ya sa babu abin da na sani.

Na taɓa jin cewa ana tsaga ƙafa a hura iska don fata ta saki nama. Na tsaga ƙafar gaba maimakon ta baya, na kafa baki na yi ta hurawa har na ga taurari, akuya ko motsi. Na bar hurawa na shiga da wuƙa. Duk inda na sa tsini sai ya ɓullo ta waje. Wani majemi da ke kallo ya rufe fuska da hula, ya ce a bar shi ya tafi, ba zai iya ganin ana yi wa jar fata haka ba. Daga ƙarshe na ce bari in buɗe ciki, na danna da ƙarfi, sai na fasa tumbi. Abin da ke ciki ya feso mini tun daga gemu har gwiwa, a kan farar rigar aro.

Mutane har faɗuwa suke yi. Liman ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Tunau ya yi dariya har yana share hawaye da bakin rawani. Da ya samu numfashi sai ya ce ya gamsu, amma al'ada sai an cika ta, mai gida ya faɗa da bakinsa kowa ya ji.

Baffa ya ce a tayar da shi tsaye. Ya dafa kafaɗar Labbo, bai dube ni ba, ya ce, "Jama'a ku shaida, yayana Bawa bai bar mahauci ba."

Dariyar ta tsaya. Akwai tsofaffi a wurin da suka san ubana, na ga sun sunkuyar da kai. Ni da na shekara ina rufe hanci a bakin mayanka, ban taɓa zaton maganar nan za ta yi mini zafi ba, amma ta fi ƙazantar da ke jikina ciwo nesa ba kusa ba. Tunau ya shiga ɗaki da kansa ya fito da wuƙar, ya danƙa wa Baffa hannu da hannu suna tsaye. Ya ce maganar da Malam ya yi shekaranjiya gaskiya ce, hannun Malam ne dai sai addu'a, mutanen Mafara su ci gaba da yankansu a Dakko yadda suka saba. Wuƙar kuwa ba ta sake dawowa hannuna ba, ɗan Baffa ne ya gaje ta.

A hanyar komawa babu wanda ya yarda ya jera da ni saboda wari, sai ƙudaje. Mun kusa wani gulbi Baffa ya tsayar da jakinsa ya jira na iso. Na ɗauka yanzu ne faɗan zai zo. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ba laihinka ba na. Ni nib bari anka tahi da kai kana ƙarami, ban bi ba." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na tsuguna a bakin ruwa ina wanke rigar mutane, ina kuka kamar ba mai gemu ba.

Abin da na koya dai shi ne ladabin gidan wani ba lalle ya zama ladabi a gidan wani ba, kuma mai yawan karatu ya fi kowa saurin yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tun daga ranar, in na shiga taron da ban san al'adarsa ba, ko takalmina ba na cirewa sai na ga wani ɗan gida ya fara cire nasa, kuma sai na duba inda ya juya hancin takalmin.